Kyandir ɗin Ista na kakin zuma: ya ci kuɗinsa, amma sai da hular tagulla

Duk Ikilisiyar Katolika da ke shirin Mako Mai Tsarki, wato makon da ke kaiwa ga Ista, sai ta nemi sabon kyandir ɗin Ista, babban kyandir da ake kunnawa a daren jajibirin bikin, kuma iri biyu ne suka fi yawa a wurin masu sayar da kayan coci: wanda aka yi da kaki tun daga sama har ƙasa, da bututun roba mai siffar kyandir wanda ake zuba wa mai a ciki. Na kakin nake dubawa a nan, mai kashi 51 cikin ɗari na kakin zuma, wanda tsayinsa ya kusa mita ɗaya.

Maganar na roba ba ta da tsawo. Wasiƙar da ofishin kula da ibada na Vatikan ya fitar a 1988 game da bukukuwan Ista ta ce kyandir ɗin ya kasance na kaki, guda ɗaya, mai girman da kowa zai gan shi, kuma a sabunta shi kowace shekara. Bututun roba yana rage kashe kuɗi, amma bai cika waɗannan sharuɗɗa ba.

Daren Asabar Mai Tsarki shi ne babban gwajin wannan kaya. Tun da Paparoma Pius na XII ya mayar da ibadar jajibirin Ista cikin dare a 1951, a waje ake fara ta, cikin duhu da iska, inda Fada yake sa wa sabuwar wuta albarka, ya zana gicciye da Alfa da Omega (harafin farko da na ƙarshe na Girkanci) da lambobi huɗu na shekarar a jikin kyandir, sa'an nan ya kunna shi. Daga nan ake shiga da shi coci, a tsaya sau uku ana rera "Hasken Kristi", jama'a kuma suna kunna ƙananan kyandirorinsu daga harshen wutarsa. A wannan mataki ban ga abin kushewa ba. Lagwaninsa mai kauri ne, yana kamawa da wuri, harshen wutar yana tsayawa ko da iska ta ɗan kaɗa, hayaƙinsa kaɗan ne, kuma wanda ke kusa yana jin ƙamshin zuma. Waƙar yabon Ista da ake rerawa a gabansa ta ambaci aikin ƙudan zuma, kuma kunne ya fi yarda da ita idan abin da ke ci a kan maɗorin ya fito daga saƙarsu da gaske. Yana da nauyi, ya kamata a faɗa, domin wanda zai ɗaga shi sama sau uku yana waƙa zai ji a hannunsa.

Inda masu yin sa suka gaza shi ne wajen ƙwayoyin turare biyar da ake kafawa a gicciyen domin tunawa da raunuka biyar na Yesu. Ramukan ba su da zurfi, kuma idan aka danna da ƙarfi cikin duhu kakin yana iya tsagewa. Gara mai kula da bagade ya ɗumama allura ya zurfafa su tun da rana. Haka kuma zoben ado mai ruwan zinariya da ke ƙasa manna shi aka yi, alhali gindin kyandir ɗin ne ake tsomawa cikin ruwan baftisma sau ɗaya ko sau uku a wannan daren. Da zarar ya jiƙe sai bakinsa ya fara ɓarewa.

Hular tagulla da ake ɗorawa a kansa dabam ake sayar da ita, kuma a ganina hakan bai dace ba, domin ba ado ba ce. Ita ce ke riƙe narkakken kaki a kewayen lagwani, tana sauka a hankali yayin da kyandir ke raguwa. In babu ita, iskar fanka ko ta taga takan cinye gefe ɗaya, kakin ya tsiyaye a kan zanen, kyandir ɗin da ya kamata ya kai shekara ya lalace kafin Fentikos, bikin da ke rufe lokacin Ista.

Kuma shekara ce ake bukata daga gare shi: kwana hamsin na lokacin Ista a kusa da bagade, daga baya a gefen wurin baftisma, ana kunna shi a duk baftisma da jana'iza. Kakin zuma sai zafi ya kai wajen digiri 62 zuwa 64 yake narkewa, kuma yana ci a hankali fiye da kakin da ake samu daga man fetur, saboda haka mai wannan tsayi zai isa ikilisiya matsakaiciya. Duk da haka rana da zafin ɗaki mai rufin kwano suna lanƙwasa shi, don haka a ajiye shi wuri mai sanyi. Kafin a yi oda a auna bakin maɗorin da ke cocin, a kuma tabbatar lambobin shekarar da za a turo daidai ne, tun azumin Lent bai yi nisa ba.