Hayar kwale-kwale a Kwalkwalawa: yadda muka kwashe da Baba mai jirgi

Mu goma sha ɗaya ne muka shirya kwashe leda da robobi a bakin Gulbin Rima a Sakkwato, galibi ɗalibai, sai ni da aka ɗora wa neman jirgi don na fi su furfura. Inda sharar ta fi taruwa ƙafa ba ta zuwa, babur ma bai zuwa, dole sai kwale-kwale. Haka na faɗa hannun wani dattijo Basarke da ke ɗaure jirginsa kusa da gadar Kwalkwalawa, kan hanyar jami'a.

Tun ranar farko ya watsa mana shiri. Mun so mu fita Asabar ta uku a watan Satumba, ranar da masu sa kai ke share gaɓar teku a ƙasashe da dama, aikin da ƙungiyar Ocean Conservancy ta faro a jihar Texas ta Amurka a 1986. Baba ya dubi ruwa, ya dube ni, ya ce, "Malam, wanga gulbi bai san kalanda ba. Ku bari ya janye." Na ji haushi, don har mun buga sanarwa a WhatsApp. Amma wanda ya ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya yanke wannan hanya ta jami'a, ba ya gardama da Basarke a kan Rima cikin Satumba. Sai Nuwamba muka fita.

A nan na ga amfanin kuɗina. Baba ya san kowace kwana da ruwa ke ajiye kaya idan ya ja baya. Bai ɓata mana lokaci a filin yashi ba, kai tsaye ya tura gorarsa zuwa wani lungu mai ciyawa, inda ledar fiya wata ta lulluɓe saiwoyi kamar an shanya wanki. Akwai gorunan lemo, silifa ƙafa ɗaya ɗaya, buhunan taki da suka ruɓe daga fadama. Abin da ya fi damunsa shi ne yagaggen taru na roba da aka yasar, domin yana ci gaba da kama kifi ba mai amfana. Da wuƙarsa ya yanko mana shi, bai nemi ƙarin ko sisi ba.

Wata ɗaliba ta tambaye shi ko ya san inda ledar ke ƙarewa. Ya ce Argungu. Bai yi kuskure ba, sai dai tafiyar ta fi haka nisa: ruwan nan yana bi ta Kabi ya faɗa Kogin Kwara, wanda ke ratsa Kainji da Jebba, ya haɗu da Binuwai a Lokoja, ya zube cikin Tekun Atalantika. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya ƙiyasta cewa roba kusan tan miliyan 8 ta shiga teku daga tudu a shekarar 2010 kaɗai. Ba na cewa kowace leda ta Sakkwato tana isa can, madatsun ruwa suna tare da yawa, amma hanyar a buɗe take. Ɗaliban sun riƙa ƙirga abin da muka tsinta a manhajar Clean Swell, Baba yana ta dariyar masu lissafin shara.

Inda nake da ƙorafi shi ne tsaro. Babu rigar kariya daga nutsewa ko ɗaya a jirgin, kuma da na yi magana sai ya ce, "Ni na rigar." Wannan amsa ba ta gamsar da ni ba, rabin yaran ba su iya iyo ba. Sai da muka aro guda huɗu muka riƙa shiga huɗu huɗu, abin da ya ci mana kusan awa biyu. Jirgin kuma yana ɗan yoyo, mutum ɗaya aikinsa kwarfe ruwa da ƙwarya. Sannan buhun jiƙaƙƙiyar leda ya fi yadda ake zato nauyi, ba a haɗa shi da mutane a sawu ɗaya. Buhu 23 muka cika, sai da ya yi sawu uku na shara zalla. Kuɗin waɗannan sawu bai shiga cinikinmu na farko ba, muka ɗan ja kafin mu daidaita. Laifin rabi nawa ne, ban tambaya ba.

Mai son ɗaukarsa ya yanke ciniki a kan wuni, ya zo da rigunan kariya da safar hannu mai kauri saboda ƙugiya, ya kuma shirya mai amalanke ko Keke Napep da zai jira a bakin gada. 'Yan bola jari sun karɓi gorunan roba, ledar kuwa ba wanda ya so ta. Baba ba ya riƙe waya kuma ba ya karɓar tiransifa, sai kuɗi hannu. Ana samunsa bayan sallar asuba, kafin ya shiga duba komarsa.