Neman gidan haya a Berlin: takardu kafin kuɗi

Ƴan'uwa masu shirin zuwa Jamus karatu ko aiki, harkar haya a Berlin ta sha bamban da ta Kano ko Zariya. A gida, in kana da kuɗin shekara da la'adar dillali, yau ka ga gida gobe ka tare. A nan wata-wata ake biya, amma ko da jakar kuɗi ka zo ba mai miƙa maka makulli sai ya ga takardu.

Mai gida zai nemi takardun albashin wata uku na baya, da kwafin fasfo, da rahoton Schufa mai nuna yadda kake da biyan bashi, da shaidar tsohon mai gidanka cewa ba ya bin ka ko sisi. Galibi suna so albashinka, bayan an cire haraji, ya ninka kuɗin hayar sau uku. Sabon zuwa bai tara waɗannan ba tukuna, don haka gara ya fara da ɗaki guda a gidan haɗaka, wanda suke kira WG. Amma kafin ya biya ya tambaya ko za a ba shi takardar yin rajistar adireshi, domin doka kwana 14 ta bayar bayan tarewa. Idan babu rajistar, lambar haraji ba za ta zo ba, zancen izinin zama ma ya cuɗe. Ɗakin da aka rubuta "babu Anmeldung", wato babu damar yin rajistar, komai arhansa a bar shi.

Farashi biyu za ka gani a talla. Kaltmiete kuɗin gidan ne tsuransa, Warmmiete kuwa ya haɗa da ɗumama ɗaki, ruwa da kwasar shara, kuma da shi za ka yi lissafin abin da za ka riƙa biya duk wata. Wutar lantarki da intanet kai za ka ƙulla da kamfani, ga kuɗin rediyo da talabijin yuro 18.36 duk wata a kan kowane gida. Inda mutanenmu suka fi shan wuya shi ne ɗumama: abin da kake biya kintace ne, sau ɗaya a shekara ake tantance ainihin abin da ka ƙona. Wanda ya bar na'urar a kunne taga a buɗe lokacin hunturu, sai ya ga takardar ciko mai nauyi.

Ta wani fannin nan ya fi gida sauƙi. Kuɗin ajiya ba ya wuce Kaltmiete na wata uku, kana da ikon biyansa kashi uku, kuma ana mayar maka in ka bar gidan lafiya. Shi ya sa ranar karɓar makulli ake ɗaukar hoton duk wani tabo da lambobin mita, a rubuta, ku sa hannu ku biyu. Dillali kuwa, tun 2015 wanda ya ɗauko shi shi ke biyansa. A lura, "ɗaki biyu" a nan ciki da falo ke nan, kuma gidaje da yawa wayam ake ba da su, wasu ko kabad na kicin da fitilar sama babu.

Unguwannin Mitte, Kreuzberg da Prenzlauer Berg sun fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Wedding da Neukölln, inda masallatai da shagunan naman halal suka yawaita, su ma sun yi tsada. A duba Marzahn, Hellersdorf da Spandau. Nisan ba ya cutarwa tunda jirgin ƙasa na kaiwa. A riƙa leƙa shafukan kamfanonin gidaje na gwamnatin birnin irin su Degewo, Howoge da Gewobag, mai ƙaramin ƙarfi kuma ya nemi takardar WBS ta gidajen tallafi.

Duk wanda ya ce yana ƙasar waje, ka tura kuɗin ajiya ya aiko da makulli ta gidan waya, ɗan damfara ne. Kada ka fitar da ko yuro ɗaya sai ka shiga gidan da ƙafarka, kun kuma rattaba hannu a yarjejeniya.