Girkin Anti mai kai abinci gida, da bakina da ya juya bayan an rage min tumbi

Wata biyar kenan da aka yi min aikin rage tumbi a Alkahira, wanda suke cewa silif, ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin a bar miki ɗan siriri kamar ayaba. Kafin na tafi an gaya min ci zai ragu, gashi zai zube, lemon kwalba kuma mun yi sallama, amma cewa bakin nan nawa zai koma kamar na aro, sai da na dawo Kano na gane wa kaina. Ni da nake zuba suga cokali uku a shayi, rabin cokali ya koma min kamar na kurɓi zuma zalla, ruwa kuwa ko na gora ne ƙarfe-ƙarfe nake ji kamar na tsotsi mukulli, in ana suyar nama a gida sai na gudu ɗaki na toshe hanci. Har Umma ta ja ni gefe ta ce "ke dai faɗa min gaskiya, ko ciki ne da ke?"

A wannan halin ne wata a gurup ɗinmu na WhatsApp, na matan da aka yi wa aikin, ta ba ni lambar wata Anti da ke girki a gidanta wajen Zoo Road. Asali masu ciwon suga da hawan jini take yi wa, daga baya irinmu suka fara zuwa. Ana biya na sati, roba biyu ƙanana a rana, mai Adaidaita ya kawo. Na shiga ina sati na uku da aiki, lokacin da aka bar ruwa-ruwa aka koma abinci markaɗaɗɗe.

Ranar farko farfesun kaza ne da aka wuce da shi a bilenda. Cokali biyu na yi na rufe. Na tura mata saƙo cewa ba zan iya ba, ina jiran ta ji haushi, sai ga kira. Ta ce "ƙanwata kar ki ce min babu daɗi kawai, gaya min me kika ji, ɗaci ne ko ƙarni ko gishiri ne ya yi yawa?" Wallahi duk cikin masu ce min ki daure ki ci babu wanda ya taɓa yi min wannan tambayar. Na ce ƙarni, da wani zaƙi-zaƙi da ke maƙalewa a maƙoshi. Ta ce dunƙule ne, za ta cire. Washegari ta aiko farfesun karfasa ba dunƙule, daddawa kaɗan, citta, ta matsa lemon tsami, ta kuma rubuta a murfin robar cewa na bari ya huce sosai don tururi ne ke ɗauko ƙarnin ya kai hanci. Na cinye robar tas, a hankali dai, kusan rabin awa ina kai, amma na cinye.

Nan ne matar ta fi ƙarfi gaskiya. Duk Juma'a sai ta tambaya me ya canza, don bakin ba ya tsayawa wuri ɗaya, ƙwan da na ci lafiya wannan satin sati mai zuwa ko ganinsa ba na so. Ta gano tsami ne ke tafiya da ni, ta koma kindirmo ba suga, kunun tsamiya mai ruwa, alala mai laushi da kifi a ciki, sai awara da take dafawa a miyar kuɓewa maimakon ta soya. Awarar nan ita ta cece ni, domin likita ya ce na riƙa samun furotin giram 60 zuwa 80 a rana, garin furotin mai banila da na ɗauko daga Masar kuma yana nan a kan firij, zaƙinsa ya hana ni ko buɗe gwangwanin.

Da na yi wa likitan ƙorafi ta waya dariya ya yi ya ce ba ni kaɗai ba ce. Ɓangaren tumbin da ake cirewa shi ke fitar da yawancin girelin, sinadarin da ke sa jin yunwa, sannan sinadaran hanji masu sa ƙoshi suna ƙaruwa, to yadda ƙwaƙwalwa ke marmarin zaƙi da maiƙo sai ya canza. A 2014 an yi wani bincike a Lesta ta Ingila kan mutum 103 da aka yi wa baifas, wato ɗaya aikin rage tumbin da ake haɗa ɗan tumbin da aka bari kai tsaye da hanji, kashi 73 cikin 100 sun ce ɗanɗano ya canza musu, kashi 42 suka ce har jin ƙanshi, nama kuma na sahun gaba a abin da suka tsana. Likitan ya kuma sa na auna zink da bitamin B12 don ƙarancinsu ma na taɓa harshe, wannan Anti ba za ta gyara shi da citta ba, asibiti za ki je.

To sai inda ta ɓata min rai. Rannan aka kawo kunun gyaɗa, ashe yarinyarta ta haɗa nawa da na wani gida mai suga. Na ji zaƙin tun kurɓar farko amma na ɗauka bakina ne ke iskancinsa da ya saba, na ƙara uku. Ba a yi minti 20 ba zufa ta karyo min, zuciya na dukan uku-uku, jiri, ciki na murɗawa, na kwanta a tayil ɗin falo ina salati, maigida har ya ɗauko mukullin mota. Abin nan ne da suke cewa damfin, suga ya zarce hanji da gudu, an fi ganinsa ga masu baifas amma mu ma yana kama mu. Ta ba da haƙuri ƙwarai, ta ƙara min kwana biyu kyauta, yanzu tana manna suna a kowace roba, sai dai ai tun farko ya kamata a yi haka tunda marasa lafiya ake ciyarwa.

Mai kawowar ma yana makara, abincin ƙarfe 1 ya zo ƙarfe 3 ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, mu kuma cinmu da lokaci ne, ga dokar kar a sha ruwa sai an yi minti 30 da cin abinci, in ya makara duk lissafin ranar ya dagule. Robobinta in an zuba abu da zafi suna ba da wani wari, na saya wa kaina kwanukan gilashi na kai mata. Ba ta rubuta yawan furotin, ni nake aunawa da ɗan sikelina. Dambun namanta kuwa kowa a gurup yabonsa yake, ni mai ya yi min yawa, yara na ba. Kuɗin ma ba kaɗan ba ne in kin dubi ƙanƙantar robar, maigida ya ce abincin mage ake sayar min da kuɗin rago.

Na dai sake biyan wata guda. Jiya na ce ta gwada min naman rago ɗan yanka biyu, dafaffe luguf da tsamiya, ta ce to ƙanwata amma za ta haɗo da awara ko da za a yi rashin sa'a. Guda ɗaya na iya ci, ɗayan yana firij.