Datadog da New Relic, ko Prometheus da Grafana: wanne ya dace da ƙaramar tawaga?

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Ka ce manhajarku tana kan gajimare, da sabar uku da rumbun bayanai na PostgreSQL, kuma ku uku ne kawai a kan aikin. Masu amfani suna ta kuka shafi na jan ƙafa, kai kuma duk sanda ka leƙa allon CPU da memori sai ka ga lafiya lau. Tambayarka: ku biya Datadog ko New Relic, kamfanonin da ke lura da lafiyar manhaja, ko ku haɗa naku da Prometheus da Grafana tunda babu kuɗin lasisi? Na riƙe hanyoyin biyu da hannuna, zan kuma faɗa maka wadda zan bi da ni ne a kujerarka. Amma akwai giɓi a tambayar da ya kamata mu fara cikewa.

Allon CPU lafiyar inji yake faɗa, ba halin da buƙatar mutum ta shiga ba. Sabar tana iya zama a miƙe tana hutawa alhali buƙata na tsaye tana jiran rumbun bayanai ya amsa, domin jira ba ya cin CPU. Abin da ke tona wannan shi ne bin sawu: a ba kowace buƙata lamba tun daga ƙofa, a bi ta zango-zango, a rubuta tsawon lokacin da ta ɓata a kowane zango, a zana shi kamar sanda a allo. Akwai wani shafin jerin kaya da ya taɓa wahalar da mu, yana cin sama da daƙiƙa biyu kafin ya buɗe. Ranar da muka ga sawunsa, sai ga 'yan gajerun sanduna sun jeru daga saman allo har ƙasa kamar matakala, kusan ɗari biyu, kowacce ba ta wuce milisakan goma ba, kuma duk tambaya ɗaya ce ake maimaita wa rumbun, sau ɗaya don kowane layi na jerin. Ita ce matsalar da ake kira N+1. Babu tambaya ko ɗaya a ciki da za ta fito a jerin tambayoyi masu nauyi, shi ya sa muka daɗe muna lalube. Gyaran bai kai layi biyar na kod ba.

To ga giɓin: Prometheus ba ya bin sawu. Alƙaluman awo kawai yake tarawa, wato buƙatu nawa suka shigo, nawa suka faɗi, tsawon wane lokaci suka ɗauka. Grafana kuwa allo ne da ke zana abin da aka ba shi. Su biyun za su gaya maka shafi ya yi nauyi, ba za su nuna maka inda nauyin yake ba. Kafin ka kamo abin da Datadog ko New Relic ke ba ka a asusu ɗaya, sai ka ƙara Tempo ko Jaeger don sawu, Loki don log (rubutun da manhaja ke yi kan abin da ke faruwa), da Alertmanager don ƙararrawa. Saboda haka kwatancen na gaskiya shi ne asusu ɗaya a gefe, manhajoji biyar da za ka yi reno a ɗaya gefen.

A ranar farko bambancin a fili yake. Ta hanyar biya, ka sa mabuɗin asusunka a saitin sabar, ka ɗora wakilinsu, wato ɗan shirin da ke tattara bayanai ya tura musu, ka tada manhajar ta hannunsa. In Python ce, umarnin ddtrace-run ko newrelic-admin ne za ka sa gaban umarnin da ka saba. In Java ce, layin javaagent ne. Kafin ka gama waiwaye sawu sun fara shigowa, an ware maka su shafi-shafi, an jera tambayoyin rumbu daga mafi cin lokaci. Ta hanyar haɗa naka kuwa, sai manhajar ta buɗe adireshin /metrics, ka gaya wa Prometheus inda zai riƙa zuwa ɗiba, domin shi ne ke zuwa ya ɗauka, ba a kai masa. Ka tanadar wa Tempo ma'ajiya irin S3 ta Amazon, ka haɗa kowanne da Grafana, ka koyi PromQL, harshen da ake yi wa Prometheus tambaya da shi, ka zana alluna. Ba abu ne da ya fi ƙarfinka ba. Prometheus tun 2012 aka fara shi a kamfanin SoundCloud, ya shiga gidauniyar CNCF, mai kula da buɗaɗɗun manhajojin gajimare, a 2016 a matsayin aiki na biyu bayan Kubernetes, ya ga jiya ya ga yau. Sai dai mako guda ko biyu na mutum ɗaya cikin ukunku zai tafi a kansa, kuma masu kukan suna nan suna jira.

Bari in ɗan tsaya a kan awon jinkiri, don nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu ko da wane kaya suka saya. Kada ka yarda da matsakaici. A ce buƙatu 100 sun shigo, 90 sun amsa a milisakan 100, goma sun ɗauki daƙiƙa uku-uku. Matsakaicinsu milisakan 390 ne, wanda duk mai gani zai ce ba laifi, alhali mutum ɗaya cikin goma ya zauna yana kallon farin allo. Awon p95, wato lokacin da kashi 95 cikin ɗari na buƙatu ba su wuce shi ba, zai nuna daƙiƙa ukun nan ɓaro-ɓaro. A Datadog da New Relic wannan awon a shirye yake zuwa. A Prometheus kai ne za ka tsara rukunan lokaci da za a riƙa zuba buƙatu a ciki, sannan umarnin histogram_quantile na PromQL ya ƙiyasta daga gare su. Rukunan da ke zuwa da ɗakin karatun kod ɗinsa sun fara daga milisakan biyar zuwa daƙiƙa goma. In yawancin buƙatunku sun taru a tsakanin rukunai biyu masu nisa da juna, ƙiyasin zai yi ta kauce wa gaskiya har sai ka gyara su da kanka.

Yanzu kuɗi, inda na san hankalinka ya fi karkata. Kamfanonin biyu ba iri ɗaya suke lissafi ba, kuma wannan ya fi farashin da ke kan shafinsu muhimmanci. Datadog da yawan injina yake lissafi, sannan ya ƙara da yawan sawun da aka shigar da wanda aka adana don bincike, da awon da ka ƙirƙira da kanka, log ma da nasa lissafin. In manhajarku tana ƙara sabar da kanta lokacin cunkoso, ka karanta yadda suke ƙirga injina a wata tun kafin ka sa hannu. New Relic tun 2020 ya koma lissafi da yawan bayanan da aka tura da kuma yawan mutanen da ke da cikakken izini. Yana ba da gigabait 100 kyauta a wata da cikakken mai amfani guda ɗaya. Ga sabar uku, wannan kyautar tana iya ɗaukarku nesa in ba ku cika ta da log ba. Inda za ta matse ku shi ne ranar da ku ukun duk kuke son cikakken izini. Na haɗin gida kuwa lasisi ne kawai kyauta. Sabar da zai zauna a kai, faifan ajiya, sabuntawa, da wanda zai tashi cikin dare in faifan ya cika, duk a wuyanku suke. Prometheus kwana 15 yake riƙe bayanai in ba ka canza ba, kuma a faifan inji ɗaya. In kuna son tarihin watanni, ga Thanos ko Mimir, manhajojin ajiya mai tsawo, sun shigo, reno ya ƙaru.

Akwai rami ɗaya da ke jiran kowa, ta kowace hanya ya biyo. Kowane awo ana maƙala masa alamomi, kamar sunan shafi ko lambar amsa. Duk wani sabon haɗin alamomi jeri ne mai zaman kansa da za a adana. Shafuka 20 da lambobin amsa biyar jeri 100 ne, ba komai. Ka ƙara lambar mai amfani a matsayin alama, ga mutum dubu goma, lissafin yana iya kaiwa miliyan. A wurin masu karɓar kuɗi, takardar biya ce za ta gaya maka a ƙarshen wata. A Prometheus memori ne zai cika ya faɗi. Lambar mutum, lambar ciniki, cikakken adireshin shafi mai ɗauke da lamba, duk wurinsu cikin sawu ne ko log, kada su kusanci awo.

Sawu ma ba duka ake ajiyewa ba in zirga-zirga ta yi yawa. Hanya mai sauƙi ita ce a yanke hukunci tun daga ƙofa, a ɗauki kaso kaza a bar saura. X-Ray, kayan bin sawu na AWS (gajimaren Amazon), alal misali, in ba ka taɓa saitinsa ba, buƙatar farko a kowace daƙiƙa yake ɗauka da kashi biyar cikin ɗari na sauran. Matsalar ita ce buƙatar da ta faɗi tana iya kasancewa cikin waɗanda aka zubar. Hanya ta biyu a jira buƙata ta ƙare tukuna, a riƙe duk wadda ta faɗi ko ta yi jinkiri, a tsame kaɗan daga masu lafiya. Ta fi amfani nesa ba kusa ba, amma tana son memori, kuma dole duk zangunan sawu ɗaya su sauka a matattara ɗaya. A girmanku na yanzu ba na jin kuna buƙatar ko ɗaya. Ku ajiye komai har sai yawan ya fara ciwo.

Tunda na ambaci X-Ray: kayan mai gajimaren kansa hanya ce ta uku, CloudWatch da X-Ray a AWS, Application Insights a Azure na Microsoft, Cloud Trace a Google. Suna da sauƙin kunnawa kuma suna ganin abubuwan gidan da kyau. In duk kayanku a gida ɗaya suke, gwada su ba asara ba ce.

Abu biyu ne za su sa in ce ku haɗa naku duk da wahalar. Na farko sirri. Sawu yana kwasar tambayoyin rumbu, adireshin shafuka, wani lokaci har imel ɗin mutane, ya kai su sabar wani kamfani. Datadog da New Relic duk suna da cibiyar ajiya a Turai ban da ta Amurka, kuma tun wajen buɗe asusu ake zaɓa. In dokar da ke kanku ko yarjejeniyarku da abokan ciniki ta hana bayanan fita sam, magana ta ƙare, sai na gida. Na biyu, in kun girma har kuɗin wata ya zarce albashin wanda zai riƙe kayan. Amma in kun je nan, don Allah kada mai gadi ya kwana ɗaki ɗaya da abin da yake gadi. Wata rana yankin da sabarmu take ya sami matsala, kayan lurarmu kuma a yankin muka ajiye su. Manhaja ta faɗi, ƙararrawa ta faɗi tare da ita, wayata shiru har gari ya waye, sai daga saƙonnin masu amfani muka ji labari. Tun daga ranar nake sa wani ɗan mai dubawa daga waje yana ƙwanƙwasa shafin kowane minti, da wata ƙararrawa mai bugawa kullum wadda shirunta ne alamar matsala. Ta hanyar biya wannan damuwar ta ragu sosai, tunda kayansu ba a gidanka suke ba.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Ba zan sa wakilin kowane kamfani a cikin kod ba. OpenTelemetry zan sa, buɗaɗɗen tsarin tattara sawu, awo da log. An samar da shi a 2019 daga haɗewar OpenTracing da OpenCensus, yana ƙarƙashin CNCF, ba mallakin kamfani ɗaya ba ne, kuma Datadog, New Relic, Tempo da Jaeger duk suna karɓar bayanai a tsarinsa na OTLP. Manhajarku ta tura wa matattararsa, Collector, ta ƙofa mai lamba 4317 ko 4318, a nan ku goge imel da duk abin da bai kamata ya fita ba, sannan matattarar ta miƙa wa wanda kuka zaɓa. Ranar da kuka ga dama ku sauya gida, 'yan layuka ne a fayil ɗin saiti, kod ɗinku ba za a taɓa shi ba. Alluna da ƙararrawa ne kawai za ku sake ginawa, don waɗannan ba sa bin mutum ƙaura. Gaskiya wakilin kamfani yakan fi zurfin gani a wasu wurare, kamar nuna layin kod ɗin da ke cin CPU, kuma haɗa shi ya ɗan fi sauri. Na yarda in rasa wannan a yanzu don in riƙe 'yancin tafiya.

Daga matattarar sai in tura wa matakin kyauta na New Relic, ko na Grafana Cloud, inda kamfanin Grafana ke riƙe maka kayan, in kana son ka saba da PromQL da Tempo ba tare da renon sabar ba, wanda zai sauƙaƙa muku komawa na gida nan gaba. Ka ba kowace manhaja suna a saitin service.name, ka raba na gwaji da na aiki, ka maƙala lambar fitowa a kowane sabon kod da kuka ɗora, domin in jinkiri ya tashi ka ga ko da wace fitowa ya zo. Ƙararrawa biyu sun isa a farko: yawan buƙatun da ke faɗuwa, da p95 na shafuka biyu ko uku da mutane suka fi shiga. Kada ka sa ta CPU ta tashe ka daga barci.

In sawu sun fara shigowa, ka jera su daga mafi tsawo, ka buɗe goman farko ɗaya bayan ɗaya. Ka duba ko sanda ɗaya ce doguwa, ko matakalar nan ce ta gajeru, ko kuma fili ne babu komai kafin tambayar farko, wanda sau da yawa ke nufin buƙatar na layi tana jiran a ba ta hanyar shiga rumbun bayanai. Ka turo hoton abin da ka gani, ka rufe bayanan mutane, mu duba tare.