Ziyarar Grand Canyon a mota lokacin zafi

Grand Canyon, babban kwazazzabon da ke jihar Arizona ta Amurka, ya cancanci doguwar tafiya, amma a watan Yuli sai an yi sammako, domin kafin hantsi wuraren ajiye motoci na gefen kudu sun cika maƙil. Hanyar Desert View ce ta fi burge ni, saboda direba yakan tsaya a wuraren kallo ya hangi Kogin Colorado can ƙasa tsakanin jajayen duwatsu. Hanyar Hermit kuwa a rufe take ga motocin baƙi daga Maris zuwa Nuwamba, sai bas ɗin kyauta, kuma jiransa cikin rana yana wahalar da tsofaffi. Kada iskar sama ta ruɗi kowa ya gangara da tsakar rana, domin zafin cikin kwazazzabon yakan wuce digiri 40.