Mai ɓauna ko mai Jefferson, wanne ya fi ga mai son kala?

Ɗan uwa da ya yi tambaya jiya, ka ce kana so ka fara tara nikel na Amurka, wato kwandalar senti 5, kuma abin da ke burge ka shi ne kalar da ƙarfen ke yi idan ya daɗe a ajiye, to da wanne za ka fara, mai ɓauna ko mai kan Jefferson, tsohon shugaban Amurka? In dai kala kake bi, ni Jefferson zan ce maka.

Ƙarfensu ɗaya ne fa, jan ƙarfe kashi 75 nikel kashi 25, nauyi giram 5, irin ƙarfen farin kwabo mai huda na zamanin Turawa. Wannan ƙarfen ba ya saurin rinewa kamar azurfa, farar wutar da ke jikin takardar albam ko ambulan ce ke cin sa a hankali shekara da shekaru, sai ka ga ya yi ruwan zinare mara ƙarfi, gefe ya ɗan yi shuɗi ko shunayya, kuma sai ka karkata shi a ƙarƙashin fitila kafin ka gani sosai. Amma sai kwandalar da ba ta yi yawo a hannu ba. Wadda ta sha kasuwa toka-toka kawai take zama.

To a nan mai ɓauna ke ba da wahala. Wajen kyan zane kam babu haɗi, James Earle Fraser ya yi aiki, an buga ta daga 1913 zuwa 1938, gaba kan ɗan asalin ƙasar baya kuma ɓauna. Sai dai shekarar an ɗora ta a kafaɗa inda ya fi tudu, ita ke fara gogewa, shi ya sa za ka ga an tara su a leda ana sayarwa da arha babu shekara. Wasu na ɗiga mata ruwan batir na musamman shekarar ta fito, wurin ya yi tabo, daraja ta tafi. Sabuwa fil mai kala kuwa aljihunka zai ji a jikinsa. Ga kuma mai tsadar nan ta 1937 mai harafin D (alamar gidan buga kuɗi na Denver) da ɓaunarta ke da ƙafa uku, wadda 'yan damfara ke kankare ƙafa ɗaya su ce ita ce.

Jefferson kuwa asalinta zanen Felix Schlag ne, ta fara fita a 1938 kuma har yau ana buga ta, in kana Amurka ka shiga banki da dala 2 a ba ka ƙunshi mai guda 40 ka zauna kana tsinta. Mutane sun ɓoye sababbi da yawa, har ta 1950 mai D da aka buga kamar miliyan 2.6 kawai, rububin ɓoye ta aka yi tun tana fitowa, shi ya sa sabuwarta ba ta wuyar samu. Sannan ga na lokacin yaƙi, daga ƙarshen 1942 zuwa 1945, da aka cire nikel saboda kayan yaƙi aka sa azurfa kashi 35, jan ƙarfe 56, manganis 9. Za ka gane su da babban harafi P, D ko S a saman kubbar Monticello, gidan Jefferson da ke bayan kwandalar. Waɗannan su ne ke yin kala mai ƙarfi saboda azurfar, amma wadda ta yi yawo baƙi-ƙirin take zama har da ɗan kore, ba kyan gani. In ka samu mai kala ka duba matakalar gidan da gilashi, in layi biyar ko shida sun fito tsaf ba yankewa kuɗinta ya hau.

Kalar jabu kuma duka biyun ana yi musu, da wuta ko dafaffen ƙwai. Ta gaskiya a hankali take juyawa daga wata kala zuwa wata kuma ƙyallin ƙarfen na nan a ƙasa, ta jabu shuɗi ne mai ihu kamar an shafa fenti. PCGS da NGC, kamfanonin da ke tantance kwandaloli, in suka yi shakkar kalar ba sa ba ta lambar daraja.

Don Allah kar ka wanke da toka ko lemon tsami, kuma ka guji ledar nan mai laushi ta PVC, kore take zubar wa ƙarfe, musamman in za ka taho da su gida su ga damina.