Kwana tara a Zanzibar da otal ɗin da tekunsa ke tafiya yawo

Safiyarmu ta farko, bayan sallar asuba na koma na kwanta saboda gajiyar hanya. Wajen ƙarfe goma na tashi na yaye labule don in ga tekun da muka biya ƙarin kuɗi saboda ɗakinmu ya riƙa kallonsa. Babu teku. Farin rairayi ne shimfiɗe har inda ido ya ƙure, da 'yan kududdufai nan da can, ga ƙananan jiragen masunta sun kwanta a gefe guda kamar an yar da su. Can nesa sosai ake hango wani siririn layin kumfa.

Na ce, "Abban yara, taso ka gani, an kwashe ruwan."

Ya zo ya tsaya a bayana ya yi shiru, sannan ya ce, "Hajiya, da asuba fa da kunnena na ji shi yana dukan katangar nan."

Duka mu biyun gaskiya muka faɗa. Masaukinmu na farko a Jambiani yake, a gabashin Unguja, babban tsibirin da yawancin mutane ke nufi idan sun ce Zanzibar, a ƙasar Tanzaniya. A wannan ɓangaren akwai shingen duwatsun murjani can cikin teku, tsakaninsa da gaɓa kuma fili ne marar zurfi. Sau biyu a kowace rana ruwa yake cika ya kuma janye, kuma idan ya janye yakan yi nisan kilomita guda ko fiye. Lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum, ya fi tsanani kuma a tsayuwar wata da lokacin da wata ya cika. Mu kuwa mun sauka ne daidai cikar wata. Hotunan da otal ɗin ya sa a intanet duk na lokacin da ruwa ya cika ne, babu ko ɗaya na sauran sa'o'in. Ba ƙarya suka yi ba, amma rabin magana suka faɗa. A wurin karɓar baƙi akwai wani allo da ake rubuta lokutan cika da janyewa da alli kowace safiya. Da na san da shi tun kafin mu biya, da na tsara tafiyar daban.

Shekara goma da aurenmu ce ta kai mu, a watan Yuli, lokacin da babban ruwan sama na Maris zuwa Mayu ya wuce, iskar kudu da suke kira kusi tana kaɗawa, zafi kuma ya yi sauƙi. Mun raba kwanakin gida uku: huɗu a gabas, biyu a tsohon birni, uku a arewa. Wannan rabon shi ne abin da muka yi daidai a tafiyar, kuma ba dabararmu ba ce, rashin samun ɗaki a wuri ɗaya ne ya jawo.

Ɗakin Jambiani kansa ba ni da ƙorafi a kansa sosai. Gado ne babba na katako mai sassaƙa, da gidan sauro da ma'aikaciya ke zuwa ta sauke kowace yamma ta fesa magani. Esi yana aiki. An ɗauke wuta sau biyu, janareta ya tashi kafin mu gama lalubar waya. Abin da ya dame ni ruwan famfo ne: yana da ɗanɗanon gishiri, sabulu ba ya kumfa da kyau, gashina kuma ya yi tauri kamar tsintsiya kafin kwana uku. Ruwan gora muka riƙa yin buroshi da shi. Intanet sai an fito barandar cin abinci ake samu, wanda maigidan ya ce alheri ne, domin ya huta da ganin bayan wayata.

Inda muka yi asara a fili shi ne tsarin biya. Mun ɗauki wanda ake biya sau ɗaya, ci da sha duka a ciki, aka ɗaura mana awarwaron roba a hannu kamar marasa lafiya. Sai da muka zauna muka lura cewa babban abin da ke sa wannan tsarin tsada giya ce, mu kuwa ba ma sha. Ashe mun biya wa maƙwabtan teburinmu ne. Abincin kuma a jere ake ajiye shi kowa ya ɗiba, an yi shi ne don harshen baƙin Turai: taliya, dankali, kifi gasasshe ba yaji ba gishirin kirki. Daren farko ya burge ni, dare na uku na gane kazar rana ce ta dawo cikin miya. Ko da yake mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, manyan otal suna ajiye naman alade a layin karin kumallo, an dai rubuta sunansa a gefe. Wasu miyoyin ma da giya ake haɗa su, sai ka tambaya. Mai dafa abincin bai taɓa ɓata rai da tambayoyina ba, har ya koma da ya hango ni sai ya nuna mini da cokali wanda zan tsallake.

A rana ta uku muka bar abincin da muka riga muka biya, muka taka bakin teku zuwa wata rumfa mai tebur huɗu. Awa guda cur muka jira. Duk sanda na ɗaga kai, yaron wurin sai ya yi murmushi ya ce "pole pole", wato sannu-sannu. Da abincin ya iso na yafe masa. Pweza ce, wannan halittar teku mai hannaye takwas, an dafa ta cikin madarar kwakwa da citta da lemon tsami har ta yi laushi, da shinkafa mai ƙamshin kanumfari da kirfa. Ni da na rantse ba zan taɓa abin ba, ni na suɗe kwanon. Daga ranar duk abincin rana a can muka ci.

Janyewar ruwan da ta ba ni haushi da farko, ita ce daga baya ta ba ni abin kallo mafi daɗi a gabas. Da zarar fili ya buɗe sai mata su shigo da zannuwansu masu launi, su zauna cikin ruwa iya gwiwa suna ɗaure ciyawar teku a igiyoyin da aka ja tsakanin turaku. Mwani suke kiranta. Tun ƙarshen shekarun 1980 ake nomanta a nan, akasari mata ne, a shanya ta ta bushe a sayar, a fitar da ita waje inda ake cire wani sinadari mai kauri da ke shiga man goge baki da kayan abinci. Wata dattijuwa ta miƙo mini reshe ɗaya na taɓa, santsi gare shi kamar roba. Ba mu da yare ɗaya, amma sallama da "alhamdulillahi" sun ishe mu hira.

A dawowarmu ne maigidan, wanda ya ƙi sayen takalmin ruwa yana cewa almubazzaranci ne, ya taka wata baƙar halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke ɓoye cikin duwatsu. Ƙaya bakwai na ƙirga a dugadugansa. Wani ma'aikacin otal ya tsinko ɗanyen gwanda ya tsaga, ya shafa masa farin ruwan a wurin, ya ce kada a tono, za su narke da kansu. Kwana biyu yana ɗingishi. Takalmin kuwa ya saya, har da nawa.

Tsohon birnin, wanda ake kira Stone Town, su kuma masu gari suke ce masa Mji Mkongwe, bai da bakin tekun wanka na kirki, amma da mun tsallake shi da mun yi wauta. Wani tsohon gidan 'yan kasuwa da aka mayar otal muka sauka, hawa uku ba lif, matakala kuma a miƙe kamar tsani, ga mai ciwon ƙafa. A saman rufin ake karin kumallo, daga nan kuma da magariba za ka ji kiran salla yana tasowa daga masallatai ta kowace kusurwa, wani na bin wani. Lungunan ba sa ɗaukar mota, sai babur da ke tsaga mutane. Ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, wasu da ayoyi a samansu, sun sa na cika waya da hotuna. Tun 2000 UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Mun ɗauki ɗan rakiya na rabin yini, kuma kuɗinsa ya halatta. Shi ya nuna mana yadda Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya dawo da fadarsa nan daga Maskat a 1840, arzikin garin kuma ya tashi a kan kanumfari da hauren giwa da cinikin bayi. Ya kai mu inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, inda yanzu cocin Angilika ke tsaye. Mun shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, rufin ya yi ƙasa har sai ka sunkuya. Ban iya daɗewa ba. Baitul Aja'ib, gidan da Sarki Barghash ya gina a 1883, wanda ya fara samun lantarki a tsibirin, daga waje kawai muka gan shi, an kewaye shi ana gyara tun bayan da wani ɓangarensa ya rufta a Disamban 2020.

Kasuwar abincin dare ta Forodhani kowa zai ce maka kada ka rasa. Ka je, amma da ido biyu. Tulin kifi da jatan lande da ƙaguwa da ake jerawa ƙarƙashin fitila sun fi kyau a hoto, domin an riga an gasa su tun ɗazu, ɗumamawa kawai ake yi, kuma in ba ka tambayi kuɗi kafin a ɗora a wuta ba, za ka ji lissafin da ba ka zata ba. Abin da ya yi mini daɗi mai arha ne: urojo, wata miya mai tsami da dankali da ƙananan soye-soye a ciki, da ruwan rake da ake matsewa a gabanka tare da citta da lemon tsami. Kofi uku na sha.

A nan ne kuma muka yi abin kunya. Mun shirya da wani mai jirgi zai kai mu tsibirin Changuu, ya turo saƙo cewa mu haɗu "saa 3". Ƙarfe uku na rana muka iso bakin ruwa da shirinmu, ba shi ba alamarsa. Da muka kira, sai ya ce ai ya jira mu da safe har ya gaji. Ashe a lissafin Suwahili daga fitowar rana ake fara ƙirga awa, ƙarfe bakwai na safe shi ne awa ta ɗaya, saboda haka "saa 3" ƙarfe tara ne. Mutumin kirki, washegari da sassafe ya ɗauke mu bai ƙara ko sisi ba. Tafiyar kamar rabin awa ce. An gina kurkuku a tsibirin a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, wurin killace masu cuta ya zama. Manyan kunkuran da ke can, waɗanda asalinsu kyauta ce daga tsibiran Seshels a 1919, wasunsu sun fi ni nauyi nesa ba kusa ba. Awa ɗaya ta isa wurin, jama'a sun yi yawa.

Sai arewa, Kendwa, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota. A nan na samu tekun da na gani a mafarki. Gaɓar tana gangarawa da sauri, don haka ko ruwa ya janye taku kaɗan ne ka shiga, kowane lokaci kana iya wanka. Ruwan garau, kana ganin yatsun ƙafarka. Da kayan ninƙaya masu rufe jiki na shiga, ba wanda ya ko kalle ni sau biyu. Wurin yana fuskantar yamma, saboda haka kowace yamma rana tana faɗawa cikin teku a gabanka, jiragen katako masu tanti suna giftawa. A wannan karon ɗaki da karin kumallo kawai muka biya, muka riƙa cin dare inda ranmu ya so, kuma duk da haka abin da muka kashe a rana bai kai na Jambiani ba.

Kendwa ma tana da nata. Masu talla a bakin teku, waɗanda 'yan gari ke yi wa laƙabi da papasi, wato kaska, ba sa barin mutum ya yi minti goma shiru: yawon jirgi, lalle, tausa, zane-zane. Maigidan ya gano cewa sallama da "asante", wato na gode, sau ɗaya tare da murmushi sun fi saurin sallamar su a kan yin kamar ba ka ji ba. Daren Asabar kuma kiɗa daga wani wuri kusa da mu ya kai har wajen ƙarfe uku. Mai neman shiru ya nemi ɗaki can ciki, nesa da rairayi, ko ya haƙura da janyewar ruwa ya zauna gabas, inda bayan isha'i ba ka jin komai sai iska cikin ganyen kwakwa.

Abu biyu na kuɗi da ba sa fitowa a farashin da ake gani a intanet: tun Oktoban 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar tafiya ta gwamnatin tsibirin, ko da yana da wata, mu dala 44 kowannenmu muka biya. Sannan otal suna karɓar harajin kwana a kan kowane baƙo, sau da yawa sai ranar fita. A Kendwa sai da muka sa jakunkuna a mota aka biyo mu da takardar. Maigidan ya laluba aljihu, ya juyo ya kalle ni.

"Hajiya, sauran shilin ɗin nan fa?"

Na nuna masa ƙullin kanumfari da kirfa da masoro da na saya a kasuwar Darajani, wanda tun a tsohon birni yake tambayar me ke sa rigunansa ƙamshi. Da kati ya biya.